Abin da aikin sauya fitilun waje zuwa LED ya koya mini

Lissafin da ke sa mutane sauya fitilun waje zuwa LED ba ya buƙatar dogon turanci. Fitilar da ke kwana a kunne awa 12 kullum tana yin awa 4,380 a shekara. In tsohuwar fitila ce irin ta halojin mai wat 300, ta sha yunit 1,314 ke nan. LED mai wat 50, wadda haskenta ya yi kusan daidai da nata, yunit 219 za ta sha. Da na rubuta wa mai gida ko mai shago wannan a takarda, gardama ta ƙare. Sai dai a sana'ata ta wayarin, na lura daga nan ne ainihin aikin yake farawa.

Abu na farko, wat ba haske ba ne, yawan wutar da fitila ke sha ne. Haske da lumen ake auna shi. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, LED kuma tana ba da hakan da wat 9 ko kusa da haka, domin shi tsohon ƙwan yawancin wutarsa zafi take zama. Duk kwalin da aka rangaɗa masa wat da manyan lambobi amma babu lumen a jikinsa, ajiye shi nake yi.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na yawan haske. Da mutum ya ji wutar ba ta da ci, sai ya buɗe hannu. "Malam, ka sa mini wadda ta fi kowacce haske, ina son dare ya koma rana." Wannan maganar na ji ta har na haddace. Sai a sayo ƙatuwar fitila guda, a kafa ta a saman ƙofa, fuskarta na kallon titi. Daga nesa gwanin sha'awa. Amma ka tsaya inda maigadi ke zama: hasken na dukan ido, ƙwayar ido ta tsuke, duk abin da ke gefen katanga ko bayan mota ya koma baƙi ƙirin. Mutum zai iya raɓewa a inuwar nan ba wanda ya gan shi. Kyamarar tsaro ma haka, fuskar mai shigowa sai ta fito fari fat, ba hanci ba baki. An kashe kuɗi don tsaro, an yi wa ɓarawo maɓoya.

Maganinsa ba tsada. A sunkuyar da kan fitilar ta kalli ƙasa, a raba hasken gida uku ko huɗu da ƙananan fitilu a kusurwoyi, yadda hasken wannan zai cike inuwar waccan. Shi ya sa ba na cewa aiki ya kammala sai na dawo bayan duhu ya yi. Nakan fita waje in waiwayo. In ina hango ƙwayoyin fitilar kansu, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da ke fitar da hasken, suna soka mini ido, to saitin bai yi ba. In ƙasa da bango nake gani sun haskaka, ya yi. Nakan kuma duba tagar maƙwabci, don shi ba a yi shawara da shi ba, kuma ɗakin barcinsa ne.

Sai launi. Farar LED a asalinta shuɗiya ce, an lulluɓe ta da wani sinadari rawaya da ke mayar da hasken fari. Shuɗiyar nan ce ta sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel ta fizis a 2014. Lambar da ke kan kwali mai harafin K ita ke faɗin launin: 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan ja-ja, 6500K kuwa fari ne sol mai shuɗi-shuɗi. Masu saye suna rububin na biyun, a ganinsu ya fi ƙarfi, alhali lumen ɗin kusan ɗaya ne, kashe idon ne ya fi. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar kada fitilun titi su wuce 3000K, saboda kashe ido da kuma tasirin shuɗin haske kan barci. Ni a gida 3000K nake sawa, wurin ajiye motoci ko gaban shago in kai 4000K. Ƙwari ma sun fi yi wa mai shuɗin dandazo.

Maganar awa 50,000 da ake bugawa a kwali kuwa, a karanta ta da lura. Ma'anarta yawanci lokacin da hasken zai ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari ne, kuma ƙwayoyin ake nufi. Fitilun da ake kira na in cire, da wuya ƙwayoyin ne suka mutu. Direba ce, wato ƙaramar na'urar da ke daidaita wuta a ciki. Zafi ke dafa ta, ko wuta ta hau ta ƙone ta, ko ruwa ya same ta. Don haka nakan ɗaga fitila in ji nauyinta, in juya bayanta in ga haƙarƙarin alminiyom da ke fitar da zafi. Wadda ta yi shafal kamar gwangwanin da ba komai, ba ta daɗewa. Lambar IP65 na nufin ƙura ba ta shiga, feshin ruwa ma ba ya shiga, amma wannan alkawarin jikin fitilar kaɗai ya shafa. Ruwan ta mahaɗar waya yake bi, inda aka murɗa aka naɗe da salatif aka bari a sarari. Akwatin haɗi mai rufi ake sawa, a kuma bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga, ruwa ya ɗiga can. Inda tsawa ke yawa, a ƙara na'urar kare hauhawar wuta.

Wani alherin da ba a cika faɗa ba shi ne LED tana kamawa nan take, ba kamar fitilar sodiyam mai ruwan lemo ba, da sai ta ɗauki mintoci tana ɗumama. Wannan ya sa na'urar jin motsi ta dace da ita: bayan gida da lungun ajiya ba sai sun kwana a kunne ba, kuma hasken da ya kama kwatsam ya fi jan hankalin maigadi. Ita kuma na'urar da ke kunna fitila da kanta in duhu ya yi, a kafa ta inda hasken fitilar ba ya kai mata. In ba haka ba, sai ta ɗauka gari ya waye ta kashe, duhu ya dawo ta sake kunnawa, haka za ta yi ta ƙyaftawa har asuba.