Inda na kai a bugun launi huɗu, da abin da na tsinta a aikin Shepard Fairey

'Yan'uwa masu koyon bugun raga, barkanmu da aiki. Na ɗan ajiye riguna na koma takarda, ina koyon fitar da fuskar mutum da launi huɗu kacal. Wanda nake bin sawunsa a wannan zangon shi ne Shepard Fairey, Ba'amurken nan da ya yi fastar Obama ta 2008 mai rubutun HOPE a ƙasa. Na zaɓe shi ne don kayan aikinsa irin namu ne: raga, firam, tawada, wuƙar yanka da takarda. Mai buga rigunan kamfe a Fagge kallo ɗaya zai yi wa fastar ya gane yadda aka jera ta.

Ku buɗe hoton a waya ku ƙara girmansa. Shuɗi mai duhu ne, da ja, da shuɗi mai haske, sai ruwan madara, shi ke nan. Amma a inda haske ke gangarawa zuwa inuwa a fuska, ya jera siraran layuka na shuɗi mai haske a kan ruwan madarar, sai ido ya haɗa su ya ga wani launi na biyar da ba a buga ba. Nan ne aikina ya fi cin lokaci. Hoton mai shayin unguwarmu na ɗauka, da izininsa, na raba shi gida huɗu. Goshi da karan hanci na bar wa launin takardar, kumatu suka samu layukan, ƙarƙashin hula da gemu suka tafi ga mai duhu. Idan layukan suka yi kauri, fuskar sai ta zama kamar an yi mata tsaga. Idan suka yi siriri da yawa, ragar ta toshe su. Na samu daidai ne da na sa faɗin layi da faɗin tazararsa suka zo ɗaya.

Launi mai haske nake fara bugawa, mai duhu ya zo ƙarshe ya rufe bakin sauran. Kowane mai haske kuma ina barinsa ya ɗan shige ƙarƙashin mai duhu, don ko takarda ta gota kaɗan ba za a ga farin tsagi a tsakani ba. Don kada ta gota ɗin, na manna guntayen kwali uku a kan tebur, biyu a ƙasa ɗaya a gefe, kowace takarda sai ta jingina da su kafin in sauke firam. Abin da ya rage mini yanzu shi ne iskar hunturu. Tawadar ruwa kan bushe a cikin raga kafin ka ɗauko takarda ta gaba, don haka bayan kowane bugu nake mayar da tawada ta lulluɓe zanen, kuma da sassafe nake bugu kafin iska ta tashi.

Shi Fairey an haife shi a 1970 a Charleston, jihar Carolina ta Kudu. Yana ɗalibi a makarantar zane ta Rhode Island, a 1989, ya yi wata 'yar sitika da fuskar ƙaton ɗan kokawar nan na Faransa, André the Giant, har da tsayinsa da nauyinsa a rubuce a gefe. Da wasa aka fara. Shi da abokansa 'yan wasan katako mai taya suka dinga manna ta a fitilun titi da allunan hanya, har ta tsallaka zuwa wasu birane. Daga baya ya sauƙaƙa fuskar ya sa mata kalmar OBEY, wadda ta zama tambarinsa, kuma a 2001 ta zama sunan kamfanin tufafi. An sha kama shi saboda manne-manne a bangon mutane, har da kamun da aka yi masa a Boston a 2009 yana hanyar zuwa bikin baje kolin aikinsa. A nahiyarmu ma yana da aiki: ƙaton zanen Mandela a jikin wani dogon bene a unguwar Braamfontein ta Johannesburg, a 2014.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yake tafiyar da kyauta da ciniki tare. A titi, aikinsa a yalwace yake kuma kyauta. Fastar Obama kaɗai an buga dubban ɗaruruwa, yawanci rabawa aka yi. Wannan kamar ɗanɗanon da mai kilishi ke miƙa maka ne. Na sayarwa kuwa a ƙirge yake. Yakan saki bugun raga mai inci 18 da 24 a shafinsa na intanet, kwafi 'yan ɗaruruwa, misali 450, kowane da sa hannunsa da lamba da fensir a ƙasa, farashi sau da yawa bai kai dala 100 ba. Cikin 'yan mintoci ake wawushe su, washegari ka gan su a kasuwar intanet ta eBay an ninka kuɗi. Sama da waɗannan akwai waɗanda ya ƙara wa aikin hannu, ya manna tsofaffin takardu ya fesa fenti, kowane daban da ɗan'uwansa. Irin wannan babbar HOPE ce gidan adana hotunan fitattun mutane da ke Washington ya karɓa a Janairun 2009, wata kuma kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar a kan dala 735,000 a 2022.

Kada wannan adadin ya ruɗe mu. Mutumin yana yawan fitar da bugu, kuma akasarinsu ba sa yin wani tashin a zo a gani. Waɗanda masu tarawa ke rububi su ne na shekarun 1990, lokacin da kwafin ba su da yawa, da waɗanda suka dace da wani babban lamari. Sannan suna duba lafiyar takarda fiye da yadda muke zato: lanƙwasa a kusurwa, tabon salatif a baya, launin da rana ta kodar, ko bakin da aka datse don ya shiga firam, kowanne na karya kuɗi. Ga jabu kuma. Fastar injin da aka raba kyauta da bugun raga mai lamba ba ɗaya ba ne, ko da zanen iri ɗaya ne. Idan ka shafa na raga za ka ji tudun tawada a yatsa.

Dalilin da ya sa na ɗauki hoton mai shayi da kaina ma daga labarinsa ne. HOPE an ɗora ta ne a kan hoton da Mannie Garcia ya ɗauka wa kamfanin dillancin labarai na Associated Press a 2006. Maganar ta kai kotu, aka sasanta a 2011. A 2012 kuma aka ci shi tarar dala 25,000 da aikin al'umma na awa 300, bayan ya amsa cewa ya lalata wasu takardu ya ƙirƙiri wasu don ɓoye ainihin hoton da ya yi amfani da shi. Akwai kuma masu sukarsa da cewa yana ɗiba daga tsofaffin fastocin juyin juya hali na wasu ƙasashe ba tare da ambaton masu su ba, kuma a ganina sukar na da ƙamshin gaskiya.

Na yanke cewa mai shayin nan kwafi 20 zan buga. Lamba a hagu, sa hannu a dama, da fensir, don biro kan kode. Waɗanda launi ya gota zan ware su, ba za su samu lamba ba. Na buɗe littafi ina rubuta irin takarda da tawada da wanda kowace lamba ta je hannunsa, kuma da na gama zan wanke ragar don kada in ƙara ko ɗaya. A shimfiɗe zan ajiye su tsakanin kwalaye, a saman kabad, saboda gara da damshin damina. Na ɗaya na mai shayin ne. Wanda ya taɓa buga siraran layuka da raga mai ƙananan idanu a cikin hunturu, ya faɗa mini abin da yake zuba wa tawadarsa don ta jinkirta bushewa.