Daren Basallo da yatsan Sadik

Juma'a, 5 ga Satumba, 2025. Baltimo.

Sha ɗayan dare ta gota, gida ya yi tsit, muryata kuwa har yanzu a dishe take. Ɗana Sadik ya yi barci da rigar Orioles, kulob ɗin besbol na garin nan, a jikinsa, ledar ƙanƙarar da uwarsa ta ɗora masa a yatsa ta narke a kan filo. Bari in rubuta tun abin yana da zafinsa.

Gardamar tun da safe ta fara, a ɗakin shan shayi na wurin aiki. Abokin aikina ɗan Jamhuriyar Dominika ya tare ni da maganarsa ta kullum: a sayar da Adley Rutschman, babban mai cafka na Orioles, tun yana da daraja, a samo masu jifa da shi, a bar wa sabon mai cafka Samuel Basallo wurin. Basallo ɗan garinsu ne, haifaffen Santo Domingo, don haka ban ga laifinsa ba. Hujjarsa kuma ba ta banza ba ce. Yaron ya fara bugawa a babban rukunin besbol na Amurka ran 17 ga Agusta, kwana huɗu bayan ya cika shekara 21, kuma ba a yi mako ba kulob ya ɗaure shi da kwantiragin shekara 8 a kan dala miliyan 67. Tunda Mike Elias ya karɓi ragamar kulob ɗin bai taɓa yi wa wani daga cikin matasan nan haka ba, ko Gunnar Henderson, ko shi Rutschman ɗin. Ya ce da ni: wanda aka bai wa kuɗin, shi aka bai wa gidan. Na ce masa kuɗi daban, tsuguno daban. Lokacin hutu ya ƙare ba mu daddale ba.

Bayan an sauko daga Juma'a Yaya ya kira daga Katsina, ana hutun Maulidi a can. Da na ce masa yau zan kai Sadik atisaye sai ya sake tambayata, wai wane irin matsayi ne yaron nan yake bugawa da har sai ya sa sulke kamar dokin sarki? A da nakan ce masa gola ne na besbol. Yau na ga kwatancen bai isa ba. Mai cafka yana tsugune ne a bayan mai bugu, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ƙirjinsa da ƙwaurinsa a rufe, ana auna shi da ƙwallo mai tauri kamar dutse wadda a wasan manya takan yi gudun sama da kilomita 150 a awa. Sau ɗari da wani abu zai tsuguna ya tashi a dare guda. Shi ne kaɗai yake fuskantar filin gaba ɗaya. Shi ke gaya wa mai jifa irin jifar da zai yi, da can da yatsu, yanzu da wata 'yar na'ura mai maɓallai da ake kira PitchCom. Dole ya san raunin kowane mai bugu na abokan hamayya, ya kuma san halin masu jifansa goma sha uku: wanda ake lallashi, wanda sai an yi masa tsawa, wanda hannunsa ya gaji amma ba zai faɗa ba. Yaya ya ce, "To ai wannan direba ne, ba gola ba." Ya fi ni kusa da gaskiya.

Biyar da rabi muka isa fili. Sadik shekararsa goma sha ɗaya, shi ya zaɓi cafka da kansa bara, lokacin da kocinsu ya tambaya duk yara suka sunkuyar da kai. Ni na ɗaure masa maɗaurin ƙwauri, na hagun ƙugiyarsa ta saki, sai na lanƙwasa ta da filaya. Kayan sun jiƙe da gumin shekara biyu, warinsu ya kama but ɗin mota, Maman Sadik ta hana a shigo mata da su falo. Ana cikin atisaye wani yaro ya shafi ƙwallo da gefen kulki, ta canza hanya ta daki gindin babban yatsansa ta cikin safar hannu. Na ga lokacin da kafaɗarsa ta girgiza. Bai cire ragar fuska ba, ya juya baya kaɗan, ya yarfe hannun, ya koma ya tsuguna. Sai a mota na ga wurin ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi. Na ce, "Me ya hana ka faɗa wa koci?" Ya ce, "Abba, in na fita babu mai shiga."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ita ce tarihin Orioles na bana. Rutschman ya ji ciwo a naman haƙarƙari a watan Yuni, ya dawo, ɗaya gefen ya sake kamawa a Agusta, har yau yana jinya. Gary Sánchez da aka ɗauko a kan dala miliyan 8.5 don ya riƙa karɓarsa, wuyan hannu ya fara kwantar da shi, sannan gwiwa. Maverick Handley ya yi karo da Jazz Chisholm na Yankees ya bugu a ka. Chadwick Tromp baya ya riƙe shi. Sai da aka koma neman duk wanda ke da kayan cafka a jaka: aka kawo Jacob Stallings, aka karɓo Alex Jackson daga Yankees. Na kalli masu jifanmu suna jefa wa mutumin da suka sani kwana biyu kacal. Duk wanda ya ga wannan da idonsa, ban san yadda zai ce masu cafka biyu nagari sun yi wa kulob yawa ba.

Mun iso gida an riga an fara wasa. Dodgers ne suka zo Camden Yards, filin Orioles, kuma fitaccen ɗan wasansu Shohei Ohtani ne ya fara jifa, don haka ko Maman Sadik ta leƙo daga kicin. Mun yi Magariba, muka ci tuwon shinkafa a gaban talabijin, Sadik yana ci da dama, hagun na cikin ƙanƙara. Wasa ne na masu jifa, ɗaya da ɗaya har zagaye na tara. Mu ne a ƙasan rukuninmu, an kori kocinmu Brandon Hyde tun watan Mayu, babu abin da muke nema a bana. Amma da Basallo ya fito, an fitar da mutum biyu saura ɗaya zagayen ya ƙare, Tanner Scott na Dodgers yana kan tudun jifa, sai na ga Sadik ya sauko daga kujera ya tsuguna a kafet kamar shi ne a bayan faranti, wato inda mai cafka ke tsuguno. Scott bahago ne, Basallo ma ta hagu yake bugu, irin haɗuwar da ta fi wahalar da sabon yaro. Ƙarar kulkin kaɗai ta isa. Ƙwallo ta tashi ta haye katanga, biyu da ɗaya, wasa ya ƙare. Ihun da muka yi har maƙwabcinmu na sama sai da ya buga ƙasa. Wayata ta yi ƙara nan take, abokin aikina ne, saƙon murya na daƙiƙa arba'in da babu kalma ɗaya da na gane a ciki.

Na yi murna har zuciya, ba zan ɓoye ba. Mun ga yaron nan bara a Bowie, inda ƙaramin kulob ɗin Orioles ke wasa, ni da Sadik, a kujerun da ke kusa da raga. Tsayinsa ya haura ƙafa shida, in ya tsuguna sai ya cika wurin, hannunsa na jifa kuma kamar majaujawa. Amma ko a ranar na lura in ƙwallo ta daki ƙasa kafin ta iso shi, yakan kai mata hannu maimakon ya jefa ƙirjinsa gabanta. Wannan ba aibu ba ne ga ɗan shekara goma sha tara da ya sha fama da gwiwar hannu, wanda ya kwashe wasanni da yawa a tushe na farko, matsayin da babu tsuguno a cikinsa. Bugu baiwa ce, ana zuwa da ita. Cafka kuwa sai an zauna gaban wanda ya iya, an sha ƙwallo a cinya, an yi kuskure a wasan da kuskuren ba zai kashe kowa ba. Tsorona shi ne a ga bugun daren nan a ɗora masa wasa 120 a bayan faranti a baɗi, kulkin da aka saya da miliyan 67 ya mutu a gwiwoyinsa. Joe Mauer ma, da duk girmansa a Minnesota, bugun kai ne ya raba shi da cafka bayan 2013.

Shi kuma Rutschman, saurin mantuwar mutane yana ba ni ciwo. Na zo garin nan lokacin da ake cin kulob ɗin wasa 115 a 2018, da 110 a 2021. Na tuna ran 21 ga Mayun 2022, da ya fito karon farko ya tsaya ya juya yana kallon filin kafin ya ja ragar fuskarsa. Daga ranar iskar kulob ta canza, shekarar da ta biyo baya muka ci wasa 101. Duk ƙarshen zagaye yakan tari mai jifansa a hanya ya dafa shi ya yi masa magana, Sadik ma daga wurinsa ya koya. Gaskiya ne bugunsa ya yi sanyi tun tsakiyar 2024, kuma bayan kakar 2027 yana da 'yancin tafiya inda ya so. Amma shekararsa 27. Abin da nake so mai sauƙi ne: su raba tsugunon, ranar da ɗaya ke baya ɗaya ya zama mai bugu kawai ko ya tsaya tushe na farko. Matasan masu cafka Ike Irish da Caden Bodine da kulob ya zaɓo a watan Yuli a bar su su nuna a ƙananan rukunai, kada a tsinke su ɗanye.

Da na je kashe masa fitila, Sadik ya buɗe ido ya ce, "Abba, in Adley ya warke, wa zai cafka?" Na ce su biyun, in sha Allahu. Ya ce to shi ma a ƙungiyarsu a samo na biyu. Maman Sadik tana bakin ƙofa, ta ce in kumburin bai sauka da safe ba babu wasan gobe, asibiti za mu a ɗauki hoton yatsan. Na duba jadawali, wasansu ƙarfe tara ne. Na tura wa kocinsu saƙo cewa ya shirya wani yaro, zan zo da kayan da wuri in nuna masa yadda ake ɗaura maɗaurin hagun.