Ruwan Gatarin Kakana Ya Je Gida

A hannun ƙanena ƙotar gatarin gidanmu ta karye, ranar da ya ce zai faskare wani gungumen darbejiya da aka sare a ƙofar gida. Inna ta ɗauki ruwan gatarin daga ƙasa, ta goge shi da gefen zani, ta naɗe a tsumma ta ajiye. Na mahaifinta ne. Da shi ta zo Kano tun aurenta, daga wani ƙauye da ke arewa da Agye a jihar Maraɗi. Ƙarfe ne da bai kai tafin hannu faɗi ba, bakinsa ya cinye saboda yawan wasawa, bayansa kuma ya tafi da tsini, wanda shi ne ke shiga ƙota. Na ce mata maƙera sun cika Kano, ta ce a'a, idan zan je gaishe da Kawu in tafi da shi, a sa masa ƙotar can.

Na tashi a watan Afrilu, bazara ta kankama. Daga tashar Ƙofar Ruwa muka kama hanyar Katsina, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya. Na sha bin hanyar nan, amma ban taɓa lura da yawan itacen da ke jibge a bakin titi ba sai ranar, wataƙila don ƙarfen da ke cikin jakata. Dami-dami, an ɗaure da igiyar kaba, gefe ga buhunan gawayi. Tun da gas ya yi tsada gidaje da yawa a birni suka koma murhu, kuma kowane dami daga jikin wata bishiya ya fito. Muka wuce Jibiya, muka tsallaka iyaka, muka faɗa Ɗan Isa. A wani shingen bincike jami'i ya kwance tsumman, ya juya ƙarfen a hannu, ya ce irinsa ne a ɗakin tsohonsa, ya naɗe min da kansa. La'asar sakaliya muka shiga Maraɗi.

Kusa da masaukina akwai masu sayar da icce, kamar yadda mutanen can ke faɗa. Da asuba ƙarar ƙarfe ta tashe ni, na fito na tarar da wani dattijo mai faskare tsaye a kan gungumen kirya wanda kaurinsa ya kai ganga. Na gaishe shi, na nemi izinin zama.

Bai fara da sara ba. Sai da ya zagaya gungumen, ya durƙusa yana bin fuskar yankan da yatsa har ya sami wata 'yar tsaga da rana ta yi, siririya kamar zare. Nan ya ɗora weji, wani guntun ƙarfe mai kauri a sama, mai baki a ƙasa, kansa ya baje saboda duka. Ya ɗan bubbuga shi har ya kama, sannan ya ja da baya ya ɗaga guduma da hannu biyu. Duka huɗu, na biyar sai itacen ya yi wata ƙara daga ciki. Ya kawo weji na biyu ya kafa gaba kaɗan a kan tsagar, ya doka, na farkon ya saki da kansa, ya cire shi ya kai gaba. Haka ya riƙa tafiya da su, ɗaya na ceton ɗaya. Da tsagar ta buɗe sosai sai ya cusa wani ƙaton turken itace da ya feƙe, don kada bakin ya koma ya haɗe ya riƙe masa ƙarfe. Gatari bai shigo ba sai da gungumen ya rabu huɗu, kuma wani gatari ne dabam, mai nauyi, irin wanda ƙota ke shiga cikin ƙarfe.

Na fito da namu na nuna masa. Ya ce, "Yaro, wannan ba na faskare ba ne, na daji ne. Wanda ya sa shi a gungume ya zalunce shi." Ya ce kirya da marke ba a yi musu gaggawa, inda reshe ya fito kuma, wato ƙulli, kauce masa ake yi, a bar shi ya tafi murhun masu dafa abincin biki yadda yake. Wejinsa maƙeri ne ya ƙera masa daga ƙarfen tsohuwar mota, ya fi shekara goma yana aiki da su. Na ga hannunsa, tafin ya yi kanta kamar ƙirgi. Na daɗe ina ganin masu faskare suna wucewa a unguwarmu da gatari a kafaɗa, ina ɗauka ƙarfi ne kawai sana'ar. Rabin aikin ido ne.

Daga Maraɗi na shiga motar Agye, a kan babbar hanyar da ke tafiya Tasawa da Damagaram, daga nan kuma babur ya kai ni ƙauye cikin rairayi. Abin da Inna ta saba ba mu labari shi ne fili fetal, iska na kwasar ƙasa tana binne shuka, mata na yini guda wajen neman ƙirare, wasu na girki da karan gero da kashin shanu. Abin da na gani kuwa gonaki ne cike da itatuwa, ba daji ba, a warwatse: gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya. Gawo ya yi kore shar a tsakiyar bazara, don shi da damina yake zubar da ganye, shi ya sa gero ke son gindinsa.

Kawu ya tarbe ni da fura. Bayan gaisuwa na miƙa masa tsumman. Ya kwance, ya yi shiru, sannan ya ce, "Da wannan Baba ya share gonar bayan rijiya." A zamaninsu, in ji shi, manomin kirki shi ne wanda gonarsa ba ko tsinke. Duk kututturen da ya toho a sare, a tara, a cinna wuta. Kuma a wancan lokacin, tun daga dokar daji ta Faransawa ta 1935, itace na hukuma ne, ko da a gonarka ya tsiro, in ka taɓa shi tara ce ke jiranka. To wa zai raini abin da ba nasa ba? Gara ya kashe shi tun yana ƙarami.

Abin ya fara juyawa ne bayan 1983, lokacin da wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a Maraɗi dashen na mutuwa, ya lura cewa ƙananan cirayin da ke gonaki ba ciyawa ba ne, tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona. Kawu ya ce da yawa sun sare nasu da rabon ya ƙare, ana yi wa masu bari dariya ana ce musu ƙazaman manoma. Waɗanda suka daure ne suka fara samun icce a gonarsu, sauran suka biyo. Sassaben zamani suke kiransa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi ba tare da an dasa ba.

Washegari da sassafe ya tafi da ni gona, shi da gatarinsa rataye a kafaɗa, ɗansa da adda. Muka tsaya a kan wani kututturen kalgo da ya fitar da toho fiye da goma. Kawu ya duba, ya zaɓi uku mafi miƙewa da kauri, ya ce sauran su tafi. Yadda ya sare su ne ya tsaya min a rai. Daga ƙasa yake kai sara zuwa sama, da ɗan gajeren motsi na wuyan hannu. Ya ce in ka saro daga sama, reshen kan ɓalle ya ja ɓawo ya yage jikin wanda kake son ya rayu, ciwon ya zama ƙofar gara. Ukun da ya bari ya rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayinsu, ya ɗaura wa ɗaya tsumma ja don masu wucewa su san da mai shi. Kafin ya taɓa kowane itace sai ya gwada kaifi a farcen babban yatsa. Dakusasshen gatari, in ji shi, ya fi akuya ɓarna.

Ya miƙo min ya ce, "Gwada, ɗana." Na kai sara biyu, ya kama hannuna ya gyara min riƙo, ya matsar da shi kusa da kai. Na uku ya fita sumul. Kafin hantsi abin da muka rage daga kututture ashirin da wani abu ya yi dami biyu manya, matar Kawu ta ce zai kai ta kwanaki. Badi zai sare ɗaya daga cikin ukun nan in ya isa sanda ko dirka, ya bar sabon toho ya maye gurbinsa. Ya ce min ƙarfen da ya kashe gonar nan shi ne ya tashe ta, hannun ne ya sake karatu. Na yarda da shi, don na ga wurin da idona.

Ranar kasuwa muka je wurin maƙeri. Kawu ya riga ya yanko reshen aduwa tun bara ya ajiye ya bushe, mai ƙulli a kai, don ƙullin ne ke hana ƙota tsagewa. Masassaƙi ya gyara shi da gizago, ya bar kan da nauyi, ya huda. Maƙerin ya sa yaro ya kama zuga-zugi, gawayin kirya ya yi ja, ya kama ruwan gatarin da awartaki ya tura bakin a wuta. Ya ɗora a uwar maƙera ya buɗe shi kaɗan da masaba, ya tsoma a ruwa, ya bi da magagari. Sannan ya juya ya gasa tsinin bayan har ya yi jawur, ya cusa a hudar ƙotar. Hayaƙi ya tashi da ƙamshin itace mai ƙuna. Ya zare, ya sake gasawa, ya sake cusawa, sau uku, har ƙarfen ya ƙona wa kansa mazauni daidai jikinsa. Ya buga kan ƙotar a ƙasa, ya girgiza, ko motsi. Na tambaye shi, "Baba, nawa ne?" Ya ce ƙirar mahaifinsa ce, ya gane ta a wuyan ƙarfen, in ba yaron zuga abin goro kawai.

Kwanana biyar na juyo. Gatarin na naɗe shi a buhu, na riƙe a tsakanin ƙafafuna har Kano. Inna ta karɓa, ta auna nauyinsa a hannu, ta shafa ƙotar tun daga kai har gindi, ta kai hanci ta shinshina wurin ƙunar.

"Aduwa ce," in ji ta. "Ta ina?"

Na ce ta gonar bayan rijiya.

Ta ɗago ta dube ni. "Ai babu aduwa a gonar bayan rijiya."

Na ce mata yanzu akwai, guda bakwai na ƙirga, ban da gawo.