Saƙon Godiya Daga Iyalanmu Bayan Harin Da Aka Kai Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin mahaifiyarmu da 'yan uwana da sauran iyalan gidanmu, ina miƙa godiya ga dukkan waɗanda suka tsaya mana tun daga daren da 'yan bindiga suka shigo unguwarmu da ke bayan garin Kaduna, har zuwa ranar da Allah cikin ikonsa Ya kuɓutar da ƙanena da matarsa daga hannunsu. Godiya ta farko ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya jarrabe mu kuma Ya ba mu ikon jurewa. Jama'a da dama sun kira waya, wasu sun aiko da saƙo, wasu kuma sun tako da ƙafarsu daga garuruwa masu nisa, kuma tun da ba zai yiwu mu bi kowa gida-gida ba, mun ga ya dace mu rubuta wannan a inda kowa zai gani.

Kafin godiya akwai ta'aziyya, domin namu sun dawo, amma akwai gidajen da nasu ba za su dawo ba. A wannan dare an kashe dattijon da ke gadin layinmu, mutumin da ya shafe shekaru yana kwana a bakin ƙofofinmu a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, an kuma kashe matashi daga cikin 'yan sintirin unguwa, wanda ya fito da tocila da gora ya tunkari mutanen da ke riƙe da AK-47. Ihun da suka yi da usur ɗin da suka busa su ne suka tashi jama'a daga barci, har iyalai da yawa suka samu damar tsallake katanga suka tsira. Duk wanda ya kwana da 'ya'yansa lafiya a layinmu bayan wannan dare, akwai haƙƙin waɗannan bayin Allah a wuyansa. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu, Ya ba iyalansu haƙuri. Ina roƙon jama'ar unguwa kada mu bar matan da marayun da suka bari su koma bara bayan an tashi daga zaman makoki.

Muna godiya ta musamman ga maƙwabcinmu da ya fito da motarsa tun ƙarar harbi ba ta gama lafawa ba, ya ɗauki waɗanda aka harba zuwa asibiti, alhali babu wanda zai iya tabbatar masa cewa maharan ba su yi kwanton ɓauna a kan hanya ba. Wannan bawan Allah Kirista ne, kuma cikin waɗanda ya ɗauka akwai ladanin masallacinmu. Na ambaci wannan ne da gangan, saboda duk wanda ya san Kaduna ya san yadda rikicin shekarar 2000 da na 2002 suka raba garin, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kiristoci kuma a kudancinsa, har aka samu yaran da suka girma ba su taɓa zama kusa da wanda ba addininsu ɗaya ba. A sababbin unguwannin bayan gari ne arahar fili ta sake haɗa mu wuri guda, kuma a daren nan harsashi bai tambayi kowa addininsa ba, haka shi ma wanda ya tuƙa motar bai tambaya ba. Limamanmu da fastocin unguwa sun zo gaisuwa tare, sun zauna a kan tabarma ɗaya a ƙofar gidanmu, kuma mahaifiyarmu ta ce in isar musu da godiyarta.

Likitoci da ma'aikatan jinya da suka karɓi majinyatanmu cikin dare sun cancanci yabo, domin sun fara aiki nan take, ba su ce sai an kawo takardar 'yan sanda ba, ba su kuma ce sai an ajiye kuɗi ba. Ina so jama'a su san cewa wannan ba alfarma ba ce kawai, doka ce. Tun shekarar 2017 aka sanya hannu a kan dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya ba shi magani ko da babu takardar 'yan sanda, sa'an nan asibitin ya sanar da hukuma daga baya. Mutane da yawa ba su san da wannan doka ba, shi ya sa ake ɓata lokaci ana yawo da mai rauni yana zubar da jini. Haka kuma muna godiya ga samarin da suka yi layi suka ba da jini da asuba, cikinsu har da 'yan acaba da leburorin gini waɗanda ba su da wata alaƙa da waɗanda aka harba.

Jami'an tsaron da suka amsa kira suka iso, suka kuma bi sawun maharan cikin daji, muna yi musu godiya da addu'a. Su ma 'ya'yan wasu ne, suna da iyalai, kuma an rasa da yawa daga cikinsu a wannan yaƙi. Abin da ya jinkirta isowarsu kowa a unguwa ya gan shi da idonsa: hanyar da ke shigowa wurinmu ba ta da kwalta, ruwan sama ya cinye ta, kuma akwai kwalbatin da mota ba ta iya hawa sai an lallaɓa. Su kuwa maharan da ƙafa suka shigo ta bayan unguwa, bayan sun ajiye baburansu a cikin gonaki, suka kuma fita ta inda suka shigo.

A nan nake so in ɗan tsaya, domin godiyar da ba ta tare da faɗin gaskiya ba za ta amfani wanda abin zai iya faɗa wa gobe ba. Mu mazauna bayan gari muna cikin wani hali da ba na ƙauye ba, ba kuma na birni ba. A ƙauye kowa ya san kowa, baƙo ba ya kwana sai mai gari ya san da zuwansa. A cikin birni kuwa akwai ofishin 'yan sanda kusa, akwai fitilun titi, akwai cunkoson jama'a da ke sa ɓarawo ya yi tunani sau biyu. Mu mun rasa na farko, ba mu kuma samu na biyu ba. Yawancinmu malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin haya ya koro daga cikin gari, muka sayi fili inda ƙarfinmu ya kai, muka yi ta ɗora bulo a hankali har muka tare. Kowa ya ja doguwar katanga ya sa ƙofar ƙarfe, ya fita da sassafe ya dawo bayan magariba, har ya zama mutum ya shekara bai san sunan wanda ke bayan gidansa ba. Tsakanin gida da gida akwai kangwaye da filayen da ciyawa ta rufe, waɗanda masu su ke zaune a wani gari, daga gidan ƙarshe kuma sai gona, daga gona sai dajin da ke miƙewa har ya haɗu da dazuzzukan Chikun da Birnin Gwari. Mai kallo daga nesa yana ganin rufin kwano mai sheƙi da mota a ƙofar gida, sai ya ɗauka akwai dukiya a ciki, bai san cewa da bashi aka yi rufin ba.

Wannan hali ba unguwarmu kaɗai ya shafa ba, kuma ba yau ya fara ba. A ranar 11 ga Maris 2021 an sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, wadda ba ta da nisa da filin jirgin sama da kuma makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA. A watan Afrilu na wannan shekara aka shiga Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abuja, aka kwashi ɗalibai, daga baya aka kashe biyar daga cikinsu. A watan Yuli aka ɗauke ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, sa'an nan a ranar 24 ga Agusta maharan suka kutsa cikin NDA ɗin kanta, suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya. A ranar 28 ga Maris 2022 kuma aka tayar da bam a kan layin dogo aka buɗe wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna wuta, kuma sai a watan Oktoba aka sako rukunin ƙarshe na fasinjojin da aka kama. Mafi yawan waɗannan wurare suna gefen gari ne, inda gine-gine ke ƙarewa daji ya fara. Idan har za a iya shiga makarantar sojoji, to katangar bulo da ƙwado a ƙofa ba za su tsare malamin firamare da iyalinsa ba. Tun a watan Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, kuma wanda ya ji yadda suke harbi kan mai uwa da wabi a tsakiyar gidajen da yara ke barci ba zai yi jayayya da wannan suna ba.

Akwai maganar da ke yawo a unguwa tun bayan harin, cewa ba za su san gidajen da za su shiga ba sai da ɗan gari. Ni ma na yarda akwai masu kai musu rahoto, domin sun kira wasu mutane da sunayensu. Amma ina roƙon 'yan uwana da girman Allah kada baƙin ciki ya sa mu ɗora laifi a kan wata ƙabila ko wata sana'a gaba ɗaya. Fulanin da ke zaune a rugar da ke kusa da mu su ma an kore musu shanu, an kuma sace musu mutane, kuma Arɗonsu na cikin waɗanda suka fara zuwa yi mana jaje, ya kuma taimaka da abin da ya sani game da hanyoyin dajin. Muna gode masa. Wanda yake da wata shaida a kan wani, ya kai ta wurin Mai Unguwa da hukuma, kada a ɗauki doka a hannu a zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba.

Lokacin da namu suke tsare shi ne mafi tsanani, kuma a nan ne muka ga zumunci da idonmu. Iyayenmu mata na unguwa ba su bar mahaifiyarmu ita kaɗai ba ko da na yini guda, suna karɓa-karɓa wajen kwana da ita, suna girki, suna kula da 'ya'yan ƙanena waɗanda kullum suke tambayar ina babansu da mamarsu. Baba Liman ya sa an yi ta alƙunutu a salloli, makarantar Islamiyya ta yi saukar Alƙur'ani, maƙwabtanmu Kiristoci kuma sun sanar da mu cewa suna sa mu cikin addu'a a cocinsu. Abokan aikin ƙanena da tsofaffin abokan karatunsa da dangi na kusa da na nesa sun taimaka da abin da Allah Ya hore musu, wasu sun ba da abin da mun san ba rararsa gare su ba, akwai ma wadda ta sayar da akuyarta ta kawo kuɗin a ƙulle a bakin zane. Ba zan ambaci suna ko adadi ba, saboda tsaron masu bayarwar da kuma nasu ladan, amma mun rubuta komai, kuma Allah Ya fi mu sani.

Ina kuma gode wa waɗanda suka ji roƙonmu suka kame hannunsu daga sanya hotuna da bayanan iyalinmu a Facebook da WhatsApp a wancan lokaci. Mutane suna yin haka da kyakkyawar niyya, amma masu garkuwa suna da waya, suna kuma da masu karanta musu abin da ake rubutawa, kuma duk bayanin da ya nuna cewa wanda ke hannunsu yana da wani babba a dangi ko ana tara masa kuɗi, ƙara masa wahala yake yi. Shirun da kuka yi taimako ne babba.

Game da halin da suke ciki yanzu, ƙanena da matarsa suna samun sauƙi, alhamdu lillahi. Sun dawo da kumburin ƙafa saboda doguwar tafiya a daji, ga rama da zazzaɓi, kuma likita ya ba da shawarar su huta sosai. Raunin da ba a gani da ido shi ne zai fi daɗewa, domin har yanzu ƙarar buga ƙofa ko fashewar taya tana firgita su, yaran unguwa da yawa kuma ba sa iya barci sai da fitila a kunne. Saboda haka muna roƙon masu zuwa barka su yi mana uzuri idan ba a fito da su ba, kuma a daure a daina tambayarsu labarin abin da suka gani.

Mai Unguwa da dattawa sun kira taro, kuma iyalanmu suna goyon bayan abin da aka tattauna: a rubuta sunan kowane magidanci da ɗan haya da mai gadi tare da lambar wayarsa, a nemo masu kangwaye su share su ko su ba da izini a share, a haɗa kuɗi a sa fitilu masu aiki da hasken rana a bakin daji, a kuma riƙa biyan 'yan sintiri haƙƙinsu a kan kari. Lambar gaggawa ta 112 ya kamata kowane gida ya san ta, har da yara. Amma gyaran hanya da kwalbati da samar da ofishin 'yan sanda a kusa sun fi ƙarfin aljihunmu, don haka muna kira ga ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha da wakilanmu a majalisa su dube mu, tun da unguwannin bayan gari suna ɗauke da ɗimbin sababbin mazauna Kaduna. Ga maƙwabtan da suka kwashe iyalansu suka koma cikin gari, ba mu ga laifinku ba, sai dai muna roƙon ku bar wani amintacce a gidajen, domin kowane gida da aka rufe ya zama kango ƙarin maɓoya ne.

Har yanzu akwai mutanen unguwarmu da na maƙwabtan unguwanni da ke hannun waɗannan mutane, iyalansu kuma suna cikin halin da muka fito daga cikinsa. Duk wanda ya taimaka mana, muna roƙonsa ya juya wannan taimako zuwa gare su. Za a yi addu'a ta musamman domin su da kuma waɗanda suka rasu ranar Juma'a mai zuwa bayan sallar la'asar a masallacin unguwa, kuma ana gayyatar kowa da kowa.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya ba majinyatanmu lafiya.

Wassalamu alaikum.