Yadda na zama sauna a ɗakin sauna

Idan Bahaushe ya kira mutum sauna, wawa yake nufi, wanda kowa ke iya yi wa wayo. A Finlan kuwa sauna ɗaki ne na katako da ake zafafawa har digiri 80 zuwa 100, mutum ya shiga ya zauna ya haɗa gumi, wani in ya fito ya faɗa ruwan sanyi. Ni na haɗa ma'anonin biyu a jikina har wata bakwai. Abin da ya sa nake ba ku labarin, ƙannena, shi ne na ga ciwon suga ya daina jiran tsufa, na kuma ga irin bidiyon da kuke tura wa juna: ƙato ya fito daga ɗakin gumi, ya tsunduma a bahon ƙanƙara, ya ɗago kai ya ce ya yi bankwana da magani.

Ciwon suga nau'i na biyu nake da shi, wanda jiki ba ya karɓar insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, yadda ya kamata. Shekara shida ina shan ƙwayar metformin, daga baya suga ya ƙi sauka, likita ya ƙara mini allurar insulin, ta dare da ta cin abinci. Allurar nan ta tsaya mini a rai, gani nake kamar an ce na faɗi jarrabawa. Don haka ranar da na ji wai zafi da sanyi suna sa jiki ya ƙara karɓar insulin, ban nemi shawarar kowa ba, na yi rajista a wani wurin motsa jiki mai ɗakin gumi da bahon sanyi.

Abin haushin shi ne ba ƙarya tsagwaronta aka yi mini ba. A 1999 wani likita a Amurka, Philip Hooper, ya sa masu ciwon suga su takwas zama a ruwan zafi minti 30 a rana, kwana shida a mako, har mako uku, sugansu na safe ya sauka daga 182 zuwa 159 a matsakaici. A 2015 masu bincike a Maastricht ta ƙasar Holan sun zaunar da mutum takwas a ɗaki mai sanyin digiri 14 zuwa 15 na kwana goma, karɓar insulin a jikinsu ta ƙaru da kashi 43 cikin ɗari. A shekarar nan dai aka fitar da sakamakon bin diddigin maza 2,315 a yankin Kuopio na Finlan na kimanin shekara 20, aka ga masu shiga sauna sau huɗu zuwa bakwai a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya. Na haddace waɗannan alƙaluma ina karanto wa mutane kamar ni na gano su.

Ban tsaya na ƙirga ba: mutum takwas, da wasu takwas. Na Holan ba ƙanƙara suka shiga na minti uku ba, zama suka yi na sa'o'i cikin iska mai sanyi da tufafi marasa nauyi. Na Finlan kuwa zancen zuciya ake yi, kuma mutane ne da suka taso da sauna tun suna yara. Kallon rayuwarsu kawai aka yi, ba wanda zai rantse cewa saunar ce ta tsare su. Har a cikin mutanen Hooper akwai wanda sai da aka rage masa insulin don kada sugansa ya faɗi. Ni na karanta wannan a matsayin albishir, alhali kashedi ne.

Wata yamma na yi allurar cin abinci a cinya, na ɗan taɓa abinci kaɗan don kada cikina ya yi nauyi, kafin awa ɗaya ina kan bencin sama, inda ya fi zafi. Gumi ya karyo. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, na ce alhamdulillahi, aiki yake yi. Yatsuna suka fara rawa, kaina ya yi sakayau, na ce haka ake so. Wani dattijo da ke zaune ƙasa da ni ya tambaye ni ƙarfe nawa, na buɗe baki na ba shi amsar da ko ni ban gane ta ba. Shi ya kama hannuna ya fito da ni, ya zaunar da ni a ƙasa, mai kula da wurin ya kawo lemon kwalba. Da aka ɗauko na'urar gwaji daga jakata, 48 ta nuna. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwar suga ce. Da ni kaɗai ne a ɗakin, ban san wanda zai rubuta muku wannan ba.

Abin da ya faru an san shi tun kafin a haifi yawancinku. Zafi yana buɗe hanyoyin jinin fata, jini ya yi ta kwarara ta wurin da aka yi allura, ya kwashe insulin da sauri. A 1980 wani likitan Finlan, Veikko Koivisto, ya auna wannan ya ga saurin tsotsewar ya ninka a cikin sauna. Wato allurar da aka tsara ta yi aiki a hankali ta zube a jini da sauri fiye da yadda aka tsara.

Amma ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Ana cewa jiki magayi, kuma mai ciwon suga da wannan yake rayuwa: in suga ya faɗi, sai gumi, bugun zuciya, karkarwa da jiri su sanar da kai ka nemi abu mai zaƙi. To ku lissafa abin da ɗakin gumi ke sa wa lafiyayyen mutum. Gumi, bugun zuciya, jiri. Bahon ƙanƙara kuma ya cike sauran da karkarwa. Jikina ya yi ta ƙwala mini kira a ranar, ni kuwa ina ɗauka tafi yake mini. A waɗannan wurare biyu, yadda kake ji ba shaida ba ne ko kaɗan. Na'ura kaɗai ke faɗin gaskiya, ita ma a waje za ka bar ta, don zafi na lalata ta da takardun gwajinta, kamar yadda yake kashe insulin in ya wuce digiri 30.

Kuna tsammani na daddara? Cewa na yi zafin ne bai karɓe ni ba, bari in ƙarfafa ɓangaren sanyi.

Duk wanda ya taɓa faɗawa ruwan da bai kai digiri 15 ba ya san minti na farko. Numfashi yana fizgewa ba da sonka ba, ka yi ta haki, hanyoyin jini su tsuke, hawan jini ya yi sama, zuciya ta ɗauki nauyin da ba ta shirya ba. Ga mai ciwon suga wannan ba wasa ba ne, domin cikinmu akwai masu ciwon zuciya da ba su sani ba, ciwon ya kashe musu jijiyar da za ta sa su ji zafin ƙirji. Ni Allah ya tsare ni daga wannan, sai na faɗa wani ramin. Ina fitowa daga ruwan na gwada, na ga suga ya hau. Firgitar sanyi ce ke sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, hanta kuma ta zubo sugan da ta adana. Hawa ne na ɗan lokaci, yana sauka da kansa. Ban san haka ba, na ƙara allura don in gyara. Ƙarfe biyun dare matata ta tashe ni, riga ta jiƙe sharkaf, ina sambatu.

Ana cikin haka sikeli yana yi mini daɗin baki. Duk fitowa sai in ga na ragu da rabin kilo ko fiye, ban lura cewa kofi biyu na ruwa ke mayar da shi ba. Ruwa nake zubarwa, kitse yana nan daram. Barci ya yi daɗi, jiki ya yi sauƙi, sai na fara tsallake allurar dare, daga nan na rage ƙwaya. Tafiyar da nake yi da ƙafa kullum ma na ajiye ta, a ganina gumi gumi ne, ko ta ina ya fito. Ba haka ba ne. Tsokar da ke aiki ita ke jan suga daga jini ta ƙone shi, wanda ke zaune kan benci kuwa tsokarsa hutawa take.

Ƙafa ce ta tona mini asiri. Wani dare na zo cire safa na ji ta manne. A gefen tafin ƙafar hagu akwai bororo da ya fashe, faɗinsa ya kai kan babban yatsa. Na ɗora ƙafar a kan wani ƙarfe kusa da murhun ɗakin, ta ƙone, ban ji komai ba. Kusan rabin masu ciwon suga jijiyoyin ƙafarsu suna dusashewa a hankali, ni ban ma san na shiga sahunsu ba. Mako shida ina zuwa wankin ciwo, ina kallon masu gyambon da ya ƙi warkewa a layi, wasu an riga an cire musu yatsa.

A nan likita ya sa aka yi mini gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata uku. Daga 7.4 ya koma 9.1. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, me ka canza?" Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na zayyana masa komai. Na zata faɗa zai yi. Cewa ya yi, "Da ka gaya mini tun farko, ai da ban hana ka ba. Da na gyara maka lokacin allura, na duba ƙafarka da zuciyarka, shi ke nan." Wannan maganar ta fi faɗa ciwo. Wata bakwai ina ɓoye abin da minti biyar za su warware, don kawai ina tsoron a ce mini a'a.

Saboda haka, wanda ke sha'awar gwadawa a cikinku, ya fara da ɗaukar magungunansa ya kai wa likitansa, domin hatsarin kowa daban ne. Mai shan metformin kaɗai da wuya sugansa ya faɗi, amma rashin ruwa a jiki na iya taɓa masa ƙoda. Mai insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide da gliclazide shi ne a bakin rami. Mai shan maganin da ke fitar da suga ta fitsari, irin su empagliflozin, ko ƙwayar hawan jini mai sa fitsari, dama ruwan jikinsa a kan iyaka yake, yana miƙewa daga benci jiri na iya kayar da shi. Wanda ke da ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko rauni a ƙafa, ko mace mai ciki, ni dai shawarata su haƙura, musamman da faɗawa ƙanƙara kai tsaye daga zafi.

Har yau ina shiga sauna, sau ɗaya ko biyu a mako, don tana sa ni barci kuma tana kwantar mini da hankali. Iyakar abin da nake nema a wurinta ke nan. Ba na shiga sai allurar abinci ta yi sa'o'i da yi. Ina gwadawa a ƙofa kafin in shiga, in gwada bayan na fito, in sake gwadawa kafin in kwanta. Bencin ƙasa nake zama, minti goma, da silifa a ƙafa, kuma sai akwai wani a ɗakin da ya san ina da suga. A jakata akwai ruwa da abin zaƙi mai suga giram 15, in suga ya yi ƙasa da 70 in sha, in jira minti 15 in sake dubawa. Bahon ƙanƙara na bar wa masu shi, wankan ruwa mai ɗan sanyi ya ishe ni. Na koma tafiyata ta minti 30 da maganina yadda aka rubuta, kuma kowane dare kafin in kashe fitila sai na ɗauki ƙaramin madubi na duba tafin ƙafata, har tsakanin yatsu.