Kafin ka zaɓi launin falanki, shiga ƙarƙashin barandarka

Barandar katako da ke bayan gidanmu a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, ta girmi duk 'ya'yana. A shekarun 1990 aka gina gidan, kuma tare aka yi su. Wanda ya zauna a unguwannin Amurka ya san irinta: dandamali ne na katakon fayin da aka jiƙa da magani, a ɗage kan ginshiƙai, ƙofar kicin tana buɗewa a kansa. Tun da muka sayi gidan nake wahala da ita, yau wanki da injin feshin ruwa, gobe samfefa, duk bayan shekara biyu a sake shafa mata mai. Duk da haka falankan suka tsattsage, kawunan ƙusoshi suka ɗago, sartse ya hana yara taka ta ba takalmi. Daga ƙarshe muka yanke shawarar a cire katakon a shimfiɗa falankin kwamfozit, wanda ake haɗawa da dusar katako da narkakkiyar roba, mu huta.

Ɗan kwangilar da na fara kira ya zo da tef ɗinsa da kundin launuka. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ɗan dira da ƙafa a tsakiya, ya ce kwarangwal ɗin da ke ƙasa garau yake, falankan sama kawai za a sauya. Tsayin barandar daga ƙasa ya kai ƙirjin babban mutum, sunkuyawa kaɗai ake buƙata a shiga ƙarƙashinta, amma bai sunkuya ba. Ya faɗi kuɗi, na ga zan iya, na ba shi kafin alƙalami. Har yau in na tuna wannan rashin sunkuyawar sai raina ya sosu, domin ita ta ja mini kusan ninkin kuɗin da aka faɗa mini da farko.

Wajen zaɓen falankin kansa kam na yi ƙoƙari, kuma ina alfahari da abin da muka ɗauka. Manyan sunayen da za ka tarar a kantunan kayan gini su ne Trex da TimberTech da Fiberon, kowanne da matakan farashi, daga na talaka zuwa na masu hali. Trex sukan ce kashi 95 cikin ɗari na falankinsu daga kayan da aka sake sarrafawa ne, har da ledojin cefane. Na zamanin farko ba su da rufi, sai dusar katakon da ke ciki ta sha ruwa ta yi funfuna. Na yanzu an lulluɓe su da wata fatar roba mai tauri, wasu ta gefe uku, wasu ta gefe huɗu har da ƙasa. Akwai kuma na PVC zalla, wato wata irin roba, babu katako a ciki ko kaɗan, ya fi sauƙin nauyi, ya kuma fi tsada. Masu araha za ka ga an rarake cikinsu ta ƙasa don a rage kaya. Garanti yana kamawa daga shekara 25, wasu har 50. Kuɗin falanki ɗaya ya kai ninki biyu zuwa uku na katakon fayin, saboda haka ba abin da za a zaɓa da ka ba ne.

Na karɓo gutsattsarin samfuri na jera su a inda rana ta fi duka, domin barandarmu kudu maso yamma take kallo. Ni dai idona yana kan wani ruwan ƙasa mai duhu, mai zane kamar na katakon maɗaci. A watan Yuli, tsakanin azahar da la'asar, na cire takalmi na taka su ɗaya bayan ɗaya. Mai duhun nan ban iya barin ƙafata a kansa ba. Mai ruwan toka mai haske shi ma da zafi, amma ana iya jurewa. Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, mu da muke cire takalmi, yara na zirga-zirga, kai kuma kana shimfiɗa sallaya a nan, ina mu ina baƙin falanki?" Ita ce ma ta ɗauko manja da man gyaɗa ta ɗiga a kan kowane samfuri, muka bar su suka kwana. Da safe masu rufi suka goge tas da ruwan sabulu, inda aka yanka kuwa, wato bakin falankin da babu rufi, ya shanye manjan ya bar tabo. Muka zuba ruwa muka gwada santsi, domin wurin alwala ne a wurinmu, muka ɗauki wanda zanensa ya fi zurfi. Wannan gwajin bai ci mini ko sisi ba, kuma har yau ban yi nadamar launin ba.

Falankai suka iso, dogaye masu ƙafa 16, oda ta musamman wadda ba a mayarwa sai an yanke maka kuɗi. Ranar da aka fara ɓalle tsohon katako ne magana ta canza.

Abu na farko, tazara. Tsoffin falankan masu kauri ne, irin tu-bai-sikis, kaurinsu inci ɗaya da rabi, saboda haka magina na farko sun jera katakan kwarangwal da tazarar inci 24 tsakani, kuma ga wannan katakon ya wadatar. Falankin kwamfozit kaurinsa wajen inci ɗaya ne, kuma ba shi da ƙarfin ɗaukar nauyi irin na katako, in ya sha rana yakan yi laushi. Takardar kamfani ta faɗa ƙarara: tazara kada ta wuce inci 16, in za a shimfiɗa a karkace inci 12, matakala kuma sai an ƙara matse ta. In ka shimfiɗa a kan 24 zai lotsa tsakanin katakai, garantinka kuma ya tafi. Wannan abu ne da ake iya gani daga sama ma, ta bin layin kawunan ƙusoshi da tef. Mutumin da sana'arsa ke nan ya tsaya a kan layukan nan da tef a hannu bai auna ba.

Na biyu ya fi muni. Saman kowane katakon kwarangwal ya sha ƙusa, ruwan shekaru ya bi ramukan ya shige. Daga gefe katako lafiyayye, in ka soka sukurudireba ta sama sai ta nutse. Katakon da aka manna a bangon gida kuwa, wanda rabin nauyin barandar yake rataye a kansa, da ƙusoshi kawai aka kafe shi, babu bol, babu langalangar da ke kare ruwa daga shiga tsakaninsa da bango. Ruwa ya daɗe yana gangarawa ta nan, har ruɓar ta fara cin katakon gidan kansa. A irin wannan wurin ne baranda kan ɓalle daga jikin gida ta rufta da mutane. Na tsaya ina kallo ina tuna walimar sunan autarmu, maza cike a kan barandar nan, ga manyan tukwane. Allah ne kaɗai ya tsare.

Ɗan kwangilar ya ce a sossoka sababbin katakai tsakanin tsofaffin a ci gaba, da ƙarin kuɗi, ba shakka. Ban yarda ba. Falankin da aka ce zai yi shekara 25 ko fiye, a ɗora shi a kan kwarangwal ɗin da ya riga ya cinye nasa shekarun? Ai sabuwar riga ce a kan ƙazwa. Ranar da ƙasan ya gaza, dole a kwance duk na saman, a sake biyan kuɗin aiki. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: kwamfozit yana bin yanayin abin da ke ƙarƙashinsa. Katako mai kauri yakan ɓoye ɗan tudu da kwari, shi kuwa wannan in wani katako ya fi ɗan'uwansa tsayi ko da kwatan inci ne, za ka ga falankin yana hawa yana sauka. Sabon katako da tsoho ba sa zuwa daidai. Muka rabu da shi ba daɗi, wani ɓangare na kafin alƙalamin ma bai dawo ba.

Wani ɗan'uwa daga Nijar da muke masallaci ɗaya, ga shi kafinta ne da ya daɗe a garin, shi ya haɗa ni da wanda ya yi aikin. Abin da mutumin ya fara yi da ya zo shi ne ya ɗauki tocila ya shiga ƙasa. Ya fito da laka a gwiwa ya ce a rushe duka. Daga nan aiki ya tashi daga sauya falanki ya koma sabon gini: takardar izini daga hukumar gari, kiran lamba 811 don a zo a sa alamar bututun gas da wayoyi kafin a haƙa ramin ginshiƙi, zuwan jami'in duba aiki, da bin dokar gini ta yanzu. Barandar da tsayinta ya wuce inci 30 dole a kewaye ta da makari mai tsayin inci 36, tsakanin sandunansa kuma kada wani abu mai faɗin inci 4 ya iya wucewa, saboda kan yara. Tsohon makarinmu bai cika ko ɗaya ba. Kuɗin makari kaɗai ya girgiza ni, kuma bai cikin lissafin farko ko da layi ɗaya. Duk tsawon lokacin nan falankaina suna jibge a tsakar gida, sai da muka jera musu katakai a ƙasa suka kwanta miƙe, don in aka bar su a kan ƙasa mai tudu sukan lanƙwashe.

Akwai abin da nake so 'yan'uwa su riƙe game da tsohon katakon. Wani abokina ya ga tarinsa ya ce, "Alhaji, ka bar mini wannan, ga babbar Sallah na tafe, mu samu na babbaka da gashi." Kafintan nan ɗan Nijar ya hana nan take. Katakon da aka jiƙa kafin 2004 akasari da maganin CCA ne, wanda ke ɗauke da gubar arsenik, a ƙarshen 2003 ne aka daina jiƙa katakon aikin gidaje da shi a Amurka. Hayaƙinsa guba ne, tokarsa guba ce. Ba a ƙona shi, ba a gasa nama da shi, ni ko gadon alayyafo ba zan kewaye da shi ba. Juji aka kai shi, shi ma da kuɗinsa. Sabon katakon kuma maganinsa jan ƙarfe ya yi masa yawa, yana cin ƙusa ta gama-gari, dole a yi amfani da sukuru da maƙalai masu rufin zinki mai kauri ko na baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa.

A sabon kwarangwal ɗin mun bi saman kowane katako da wani tef mai danƙo kamar kwalta, wanda ke rufe ramin sukuru don ruwa kada ya shiga. Kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da sauran, kuma da an yi wa tsohon irin wannan da wataƙila ba mu kai ga rushewa ba. An kafe katakon bango da bol masu kaurin rabin inci, aka sa masa langalanga. Mun ɗauki falankai masu tsagi a gefe, waɗanda ake kamawa da ɓoyayyun maƙalai, babu kan sukuru ko ɗaya a sama. Na matakala da na kewaye, wato falankan da ke zagaye bakin barandar, masu gefe sumul ne. Kewayen nan yana rufe bakin falankan da aka yanka, inda manja ya kama a gwajinmu, amma yana buƙatar ƙarin katakai a ƙasa, wanda shi ma dole a tsara shi tun wajen kwarangwal. Haka tazarar da ake bari a ƙarshen kowane falanki: roba tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi, takardar kamfani tana faɗin gwargwadon da za a bari bisa yanayin ranar da ake aiki. Duk inda ka juya dai, maganar tana komawa ƙasa.

In za ka yi irin wannan aikin, kafin ka buɗe kundin launuka ɗauki tocila da tef da sukurudireba ka shiga ƙasa da kanka. Auna tazara. Soki saman katakai da gindin ginshiƙai, duba ko gara ta yi hanya. Dubi katakon bango ka ga ko bol ne ko ƙusa, ko akwai langalanga. Duk ɗan kwangilar da ya faɗi kuɗi bai shiga ƙasa ba, ka yi masa godiya ka sallame shi. A rubuta a takarda abin da za a yi in aka tarar da ruɓa, da wanda zai biya, da kuɗin makari da na izini da na kwashe shara. Kada ka yi odar falanki sai wannan ya tabbata.

Yanzu kulawarta tsintsiya ce da ruwan sabulu, sai cire ganyen da ke maƙalewa a tsagi lokacin kaka. In mai ya zuba muna gogewa da wuri, domin wasu kamfanoni sun sa sharaɗin a goge cikin mako guda in ana son garantin tabo ya yi aiki. Murhun gawayi na sauke shi ƙasa kan siminti, don garwashi ɗaya ya isa ya narka rufin, kuma wannan ba a goge shi da samfefa kamar katako, sai dai a sauya falankin. Saboda haka ne na sayi rarar falankai na ajiye a gareji a kwance, tunda kamfanoni sukan daina yin launi bayan wasu shekaru. Rasit da takardar garanti da hotunan sabon kwarangwal ɗin kafin a rufe shi, da tef a kai yana nuna inci 16, suna cikin fayil ɗin takardun gida.