Yadda Na Mayar da Falona Salon Tsakiyar Ƙarni na 20

Gidan da muka tare a cikinsa a Kaduna tsohon gini ne na shekarun 1960, irin gidajen da aka gina wa ma'aikatan gwamnati a wancan lokacin, ba bene ba ne, tagoginsa masu faɗi ne na gilashin luba, daɓensa kuma tarazo ne wanda shekaru suka dusashe. Ranar da aka shigo da kujerun aurena, manya-manyan nan masu sassaƙa da ruwan zinare, sai suka haɗiye falon gaba ɗaya, majinginin babbar kujerar ya tare rabin taga, har ya zama sai mutum ya karkace kafin ya wuce zuwa ɗakin cin abinci. Na yi wata uku ina ɗora wa falon laifin ƙanƙanta, kafin na yarda cewa an zana shi ne domin wasu irin kaya daban, kayan da suka yi zamani da shi.

Neman sanin waɗannan kaya ne ya kai ni ga salon da ake kira na zamanin tsakiyar ƙarni na 20, wanda ya bunƙasa a Amurka da ƙasashen arewacin Turai daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960. Masu zanensa sun yi aiki ne a lokacin da ake gina ƙananan gidaje masu yawa, ana kuma bukatar kaya marasa nauyi waɗanda masana'anta za ta iya ƙerawa da yawa. Charles Eames da matarsa Ray sun ƙware wajen lanƙwasa katakon filawud tun lokacin da suke yi wa sojojin ruwan Amurka karan ɗorin ƙafa a lokacin yaƙin, kuma wannan ƙwarewa ce ta haifar da shahararriyar kujerar hutunsu da kamfanin Herman Miller ya fitar a 1956. Eero Saarinen ya zana wa kamfanin Knoll tebur mai ƙafa ɗaya tak domin ya rage cunkoson ƙafafu a ƙarƙashin teburin cin abinci. A Danmak kuwa Hans Wegner ya yi kujerar katako mai zagayayyen majingini, wadda 'yan takarar shugabancin Amurka, Kennedy da Nixon, suka zauna a kanta a muhawararsu ta talabijin a 1960. Abin da ya haɗa su duka shi ne, kayan ba su da tsayi, ba su da sassaƙar ado, kuma suna tsaye ne a kan siraran ƙafafu ta yadda ido zai ga daɓe a ƙarƙashinsu.

Sayen na asali bai ma zo mini a rai ba, saboda kuɗin kujera ɗaya daga cikinsu zai iya gyara gidan gaba ɗaya. Abin da ya buɗe mini hanya shi ne wata ziyara da na kai gidanmu a Zariya, inda na tarar da kujeru biyu a sito, masu hannun katako da kushin biyu da ake cirewa, ɗaya na zama ɗaya na jingina, irin waɗanda ake samu a kusan kowane gidan ma'aikaci a da. Ƙafafunsu sirara ne masu ɗan karkata zuwa waje, daidai da abin da na yi ta kallo a hotuna. Salon ya daɗe da isowa ƙasar nan, domin a shekarun 1950 ne masu zanen gini 'yan Birtaniya, Maxwell Fry da Jane Drew, suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan bisa wannan tunani na sauƙi da shigar iska, kafintocinmu kuma suka yi ta kwaikwayon kujerun zamanin. Da na roƙi mahaifiyata ta ba ni su, sai ta dube ni ta ce, “Waɗannan da muka fitar tun kina firamare? To, ɗauki, Allah ya sa ba wani abu ne ya samu maigidan naki ba.”

Na kai wa kafinta kujera ɗaya a matsayin samfuri, tare da hoton doguwar kabad mai ƙofofin zamiya da ƙaramin teburin tsakiya, kuma a nan na tafka kuskurena na farko, wato na ba shi hoto ban ba shi awo ba. Bayan mako biyu na tarar ya yi wa teburin ƙafafu masu kauri kamar taɓarya, ya kuma ƙara wa gefensa ɗan zanen fure domin ya faranta mini rai. Da na nuna rashin gamsuwa sai ya ce, “Hajiya, siririyar ƙafa ba ta jure yara, kuma aiki babu ado ai kamar ba a gama shi ba ne.” Ban ga laifinsa ba, domin abin da kasuwa ta saba nema ke nan. Muka zauna da tef muka auna tsohuwar kujerar gaɓa-gaɓa: tsayin mazauni inci 16 daga ƙasa, ƙafa mai kaurin kusan inci biyu a sama tana sirancewa zuwa inci ɗaya a ƙasa. A wajen awon ne shi da kansa ya lura cewa ƙarfin kujerar yana cikin haɗin katakon ne, inda aka fafe rami aka cusa harshen ɗaya katakon a ciki aka manne, babu ƙusa ko ɗaya. Daga ranar ya ɗauki aikin da wani irin kishi, har yana kiran yaransa su zo su ga aikin mutanen da.

Kuskure na biyu ya fi ci mini kuɗi. Masu ƙera kayan Danmak sun fi amfani da katakon bishiyar da ake kira tik, na Amurka kuma da wani katako mai duhu da ake kira walnat, ni kuwa na zaɓi madaci saboda jan launinsa da kuma samuwarsa a kusa. Zaɓin bai yi laifi ba, amma na sayi katakon a tsakiyar damina, na kuma matsa a gama aikin cikin gaggawa ba tare da an bar shi ya bushe ba. Da hunturu ya kama, wata rana da dare muka ji ƙara kamar an karya kara, da safe sai ga tsaga mai tsawon taki ɗaya a saman kabad ɗin, ƙofofin zamiyar kuma suka bauɗe suka daina tafiya a kan layinsu. A kujera mai yawan sassaƙa da yadi ana iya ɓoye irin wannan aibi, amma a kayan da duk adonsu shi ne shimfiɗaɗɗen katako, tsagar ce abin da baƙo zai fara gani. Dole aka sake saman da katakon da ya shekara a jingine a inuwa. Na kuma hana a shafa masa fentin nan mai ƙyalli kamar madubi, aka goge shi da sanfefa sau uku aka shafa mai, jijiyoyin katakon suka fito.

Sauran aikin ragewa ne fiye da ƙarawa. Na fasa shimfiɗa tayil a kan tarazon, na kira masu injin gogewa suka wanke shi har tsakuwoyinsa baƙaƙe da farare suka bayyana. Bango ya zama fari, sai ɓangare ɗaya da na yi wa ruwan ganye mai duhu, kushin kuma na sa musu yadi mai launin ƙwaiduwa, domin salon yana son launi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a cikin ɗaki mai natsuwa. Na sauke labule masu hawa uku na rataya marar nauyi, na samo wata tsohuwar fitilar ƙarfe a kasuwar Panteka aka sake mata waya. Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne shara, domin tsintsiya tana shiga ƙarƙashin kowace kujera ba sai an ja ta ba, kuma wanda ya san ƙurar hunturu ya san darajar wannan.

Inda salon ya ƙi jituwa da rayuwarmu shi ne yawan baƙi. An zana shi ne domin ƙaramin iyali, kujeruna gaba ɗaya ba sa ɗaukar fiye da mutum shida, alhali ranar Sallah ko suna falon yakan cika da mutum ashirin. Tsofaffi kuma suna shan wahalar tashi daga gajeriyar kujera, shi ya sa na sa aka yi guda ɗaya mai tsayin inci 18 da soso mai tauri. Ga sauran jama'a na tanadi babbar darduma da tumtum na fata guda huɗu waɗanda nake ajiyewa a cikin kabad, kuma da yake kayan duk gajeru ne, wanda ke zaune a ƙasa da wanda ke kan kujera suna hira ba tare da ɗaya ya ɗaga wuya ba. Da mahaifiyata ta zo ganin gida, ta zauna a kan tsohuwar kujerarta da aka sabunta, ta shafa hannun katakon ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko kafintan zai iya gyara mata teburin rediyon da ya rage a siton.